Hita Ta Daina Ɗumi Bayan Canza Lagireto: Yadda Ake Fitar da Iska

Idan an sa wa mota sabon lagireto, sai hita ta koma hura sanyi, kada a yi gaggawar kwance dashbod. Galibi iska ce ta maƙale a hanyar ruwa. Hitar mota wani ɗan ƙaramin lagireto ne da ke ɓoye bayan dashbod, ruwan zafin inji yana bi ta cikinsa, fanka tana hura ɗumin zuwa cikin mota. Da yake yana daga cikin wurare mafi tudu a zagayen ruwan, can iska take taruwa, kuma famfon ruwa ba ya iya tura iska.

Alamunta ba sa ɓuya. Mota tana silo hita ta yi sanyi, ka taka totur ta ɗan yi ɗumi. Da safe ka tayar da inji ka ji ƙululu bayan dashbod kamar ana juye ruwa daga buta. Allurar zafi tana hawa tana sauka. Wannan ta ƙarshen ita ce abin tsoro, domin iskar da ta hana hita aiki tana iya tsayawa a kan inji, wurin ya gasu allura ba ta nuna ba.

Sai inji ya huce sarai kafin a taɓa murfin lagireto. Murfin yana riƙe matsi na 0.9 ko 1.1 a ma'aunin matsi na "bar", buɗe shi da zafi kuwa ƙuna ce. A ajiye motar gabanta yana kan tudu, ko a ɗaga gaban da jak, don bakin lagireto ya fi hita tsayi. A murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, fanka a lamba ɗaya, a kashe AC. A wasu motocin wannan ne ke buɗe bawul ɗin da ke barin ruwa shiga hita.

A kafa mazurari a bakin lagireto, a zuba ruwa sannu a hankali. Zubawa da gaggawa ita ce ke kulle iskar tun farko. Kulant (sinadarin sanyaya inji da hana tsatsa) rabi, tataccen ruwa rabi, sai dai in haɗaɗɗe aka saya. Ƙananan motoci masu silinda huɗu suna shan lita 5 zuwa 7, don haka in lita 3 ta cika shi bayan an zubar da tsohon ruwa duka, sauran gurbin iska ce. A riƙa matsa babban tiyon sama da hannu ana saki, za a ga kumfa tana fitowa.

Wasu motocin suna da ɗan noti na fitar da iska. Peugeot 406 tana da su a tiyon hita da gidan tamostat (bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi), tsofaffin Honda Accord ma suna da ɗaya kusa da tamostat. A sassauta shi har ruwa ya fito a miƙe babu tartsatsi, sannan a ɗaure da sauƙin hannu, don na roba saurin karyewa gare su.

Daga nan a tayar da inji murfi a buɗe, mazurari da ruwa a ciki. A bar shi minti 15 zuwa 20, ana taka totur lokaci-lokaci zuwa 2,000 ko 2,500 a agogon juyawar inji. Tamostat yana buɗewa ne wajen digiri 82 zuwa 90, kuma za a gane: ruwan mazurari zai zurma ƙasa farat ɗaya, tiyon ƙasa ya ɗau zafi. A ƙara ruwa nan take. A jira fankar lagireto ta tashi ta mutu sau biyu, a rufe murfi, a cika robar ajiya tsakanin layinta biyu. Washegari da safe a sake dubawa, raguwar kofi ɗaya ba matsala ba ce.

In har yanzu babu ɗumi, tiyon hita biyu da suka shiga bangon bayan inji su za su faɗi gaskiya. A taɓa su da hattara inji yana da zafi. Ɗaya da zafi zau ɗaya da sanyi, hita ta toshe da tsatsa, abin da ruwan rijiya ko na leda ke jawowa. A cire su, a tura ruwa ta tiyon fita da matsi kaɗan har ya fito fes. Duka biyun da zafi, to ƙofar da ke karkatar da iska cikin dashbod ce ba ta juyawa. Duka biyun ɗumi-ɗumi kawai, a duba tamostat. Makanikai da yawa a ƙasar nan cire shi suke yi wai don zafin gari, sai hunturu ya zo a Jos ko Kano inji ya kasa kai zafinsa. A kuma leƙa ko an haɗe tiyon biyu da juna an tsallake hitar gaba ɗaya, hakan ya zama ruwan dare a motocin Kwatano.

Kumfar da ta ƙi ƙarewa bayan rabin awa kuwa ba ragowar iska ba ce. Idan ta haɗu da farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko tiyon sama ya yi tauri minti biyu da tayar da inji mai sanyi, galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone yana tura hayaƙi cikin ruwa. A kashe motar, kada a sake hawa titi da ita sai an gwada matsin silinda.