Abin da ya kamata a duba kafin a ƙara wa kilim ɗin mota gas

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram kan haura digiri 40, direban da ya kunna kilim ya ji iska mai ɗumi yakan zarce gareji ya ce a ƙara masa gas. Sai dai gas ɗin kilim ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, zagayawa yake yi cikin rufaffun bututu, don haka idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma sau da yawa ma ba shi ne matsalar ba.

A fara da tayar da inji, a kai sanyi ƙarshe, a buɗe murfin inji a saurara. Kwamfuresa, wato na'urar da ke matsa gas ɗin ta tura shi cikin bututu, tana jikin inji, bel ne ke juya ta, kuma a yawancin motocin da ke yawo a garin nan akan ji ƙara "ƙas" idan ta kama, sannan a ga farantin gabanta ya shiga juyawa. Idan bai motsa ba, a duba fiyus da rile, wato ƙananan kayan lantarkin da wutarta ke bi ta cikinsu, kafin a zargi kwamfuresar, domin kuɗinsu kaɗan ne, ita kuwa tana cikin kayan kilim mafiya tsada. Idan tana kamawa tana saki bayan daƙiƙu kaɗan, alama ce ta ƙarancin gas, saboda akwai makunnin da ke kashe ta idan matsi ya faɗi, don kada ta lalace. A nisanta hannu da hannun riga daga bel da fanka.

Daga nan sai kwandensa, wato faffaɗan ƙarfen nan mai ƙananan ramuka da ke gaban lagireto, wanda ta nan ne zafin da aka kwaso daga cikin mota yake fita. A ganina, a ƙasarmu nan ne ya fi cancanta a ɓata lokaci. Motar da ta sha ƙurar hunturu, ko take zirga-zirga a hanyar Tanut ko ta Magarya, za a tarar ramukan sun cushe da turɓaya da ƙaiƙayi da matattun fari, wani lokaci har da leda a manne. A wanke shi da ruwa a hankali bayan inji ya huce, ba da matsi mai ƙarfi ba, domin faifayensa sirara ne, nan da nan suke lanƙwashewa. Akwai kuma alamar da ba kasafai take kuskure ba: idan kilim yana sanyi a kan babbar hanya amma ya koma ɗumi da zarar an shiga cunkoson Kasuwar Dole, to ko dai kwandensa ya toshe ko fankarsa ta daina juyawa.

Idan kuwa iskar tana da sanyi amma ba ta da ƙarfi, a ciro matatar iska, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin takardu na gaban fasinja, a kakkaɓe ta ko a sauya.

Sai an gama da waɗannan ne za a koma kan gas. A taɓa bututun alminiyom mai kauri da ke shiga cikin mota: idan komai lafiya, zai yi sanyi ƙarara. Idan shi yana da sanyi amma iskar ciki tana da ɗumi, galibi laifin na ƙofar da ke gauraya iskar zafi da ta sanyi ne, ƙarin gas ba zai amfana ba. Idan ba shi da sanyi, a bi mahaɗan bututu ana neman maiƙon da ƙura ta lulluɓe, domin gas yana fita ne tare da man kwamfuresa. Ruwan sabulu kan nuna wurin da kumfa.

Cikawa aikin mai gyara ne, amma mai mota ya tsaya a kan abu uku. A toshe yoyon tukuna, sannan a zuƙe iska da danshi da famfo na kimanin rabin awa, kuma a zuba gas da awo. Akwai takarda manne a ƙarƙashin murfin inji da ke faɗin irin gas ɗin da yawan giram ɗinsa. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 galibi R134a suke sha, sababbin na Turai kuwa, musamman daga 2017, R1234yf ne, kuma ba a gauraya su. Kada a yarda da R22 na kilim ɗin ɗaki ko R600a na firji, wanda yake kama wuta. Gas ɗin da ya wuce kima shi ma yana rage sanyi, yana kuma wahalar da kwamfuresa.