Yadda Za Ka Shirya Rajistar Ƙungiya Ta Riƙa Tura Saƙon Tes Da Kanta

Sakataren ƙungiyar manoman rani a Talata Mafara, ko mai riƙe da littafin adashin 'yan kasuwa a Gusau, yana iya sa Google Sheets, manhajar jadawali ta Google mai kama da Excel, ya riƙa tuna wa mambobi ranar zubi ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Umarnin da ke tura saƙon gajere ne. Inda aikin ke lalacewa shi ne cikin rajistar kanta, don haka a can za mu fi daɗewa.

Fara da lambar waya. Lambobinmu 11 ne, suna farawa da sifili, Excel da Sheets kuwa suna ɗaukar su a matsayin adadi sai su yar da sifilin. Lambar asusun banki mai 10 ma haka take ji idan da sifili ta fara. Kafin ka zuba komai, zaɓi layin lambobin daga sama har ƙasa, a Sheets ka shiga Format, Number, ka danna Plain text. Idan sifilin ya riga ya tafi, sauya tsarin daga baya ba zai maido shi ba. Kamfanonin tura saƙo sun fi son lamba mai farawa da 234, sai ka buɗe wani layi ka sa ="234"&RIGHT(B2,10), inda B2 yake gidan da lambar wayar take. Wannan yana ɗauko lambobi 10 na ƙarshe, da sifili ko babu. Kada ka buga 234 ɗin da hannu a Excel, domin lamba mai harafi 13 takan koma wani abu kamar 2.35E+12.

Sai haruffa masu ƙugiya: ƙ, ɗ, ɓ. Ka rubuta su yadda suke, domin Ɗanladi sunansa ke nan, Ƙauran Namoda ma haka, kuma Gboard, madannan rubutu na Google a waya, yana da allon Hausa. Matsalar takan fito ne ranar da aka sauke rajistar a matsayin CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, aka danna ta sau biyu ta buɗe a Excel. Sai ka ga "kuɗi" ya zama "kuÉ—i", ƙ kuma ta zama "Æ™". Fayil ɗin lafiyarsa lau. An adana shi da tsarin UTF-8 mai ba kowane harafin nan gurbi biyu, Excel kuma ya karanta shi da tsohon tsarin Windows, kowane gurbi ya zama harafi dabam. Rufe shi ba tare da ka adana ba, ka shigo da shi ta Data, From Text/CSV, ka zaɓi 65001, wato lambar tsarin UTF-8. Mai rubuta fayil da Python ya sa encoding="utf-8-sig", Excel zai gane shi kai tsaye.

Akwai wani ƙaramin tarko. Sunan da ya fara da 'Yar ko 'Yan, manhajar tana haɗiye alamar farko domin tana ɗaukar ta umarni ce. Buga alamar sau biyu, ɗaya za ta tsaya.

Tunda wani zai rubuta Danladi, wani Ɗanladi, mutum ɗaya yana iya shiga sau biyu. Yi layin bincike da =SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(LOWER(A2),"ɗ","d"),"ƙ","k"),"ɓ","b"), wanda ke cire ƙugiya daga sunan da ke gidan A2, amma a gano maimaici da lambar waya, don a gari ɗaya ba a rasa Sani Abubakar biyar.

Yanzu batun kuɗi, wanda a ganina kowane ma'aji ya kamata ya sani. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 muddin duka haruffan suna cikin jerin GSM, wato haruffan da saƙon tes na yau da kullum ke amfani da su. Babu ƙ, ɗ, ɓ a jerin, babu alamar ₦, babu lanƙwasasshiyar alamar da Word ke sa wa 'y. Ɗaya tak ta shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma Unicode, tsarin da ke ɗaukar irin waɗannan haruffa, iyakarsa harafi 70, idan ya zarce kuma a yanka shi 67-67. Saƙo mai harafi 150 da ya kamata a biya shafi ɗaya sai a biya uku. Ƙungiya mai mutum 300 za ta sayi shafi 900 maimakon 300. Mafita biyu ce: ko a matse saƙon ya tsaya ƙasa da 70 da ƙugiyoyinsa, ko a cire ƙugiya a saƙon kaɗai a bar rajista da ingantaccen rubutu. Na fi son ta farko, don "Malam Ɗanladi, zubin N5000 ranar Talata ne" bai kai 70 ba. Wanda ya zaɓi ta biyu ya sake karantawa, kada baƙi su zama baki.

Daga nan a Sheets ka shiga Extensions, Apps Script, inda ake rubuta umarnin. Umarnin ya bi layi-layi, ya haɗa saƙo, ya miƙa wa kamfanin tura saƙo ta UrlFetchApp (hanyar da Apps Script ke aika bayani ta intanet), ya rubuta "an tura" a gaban sunan nan take, ya kuma tsallake duk layin da ke da wannan shaida. Dalili shi ne Google yana katse aikin da ya wuce minti 6. In babu shaidar, gudu na biyu zai faro daga sama, mutum ya sami saƙon bashi sau biyu, a kuma caje ka sau biyu. Ranar da sabon wata ya kama sai a share shaidar "an tura" daga gaban kowane suna.

Mabuɗin sirri na asusunka da kamfanin ya ba ka, ajiye shi a Script Properties na Apps Script, kada ya zauna cikin rajistar da kowa ke buɗewa. Saita lokacin aikin zuwa Africa/Lagos kafin ka ɗaura Trigger, wato agogon da ke tayar da umarnin da kansa, na ƙarfe 8 na safe, in ba haka ba saƙo na iya fita tsakar dare. Gwada da lambobi uku na shugabanni, ɗaya ta kasance a ƙaramar waya mai madannai, don a kanta ne ƙugiya kan fito kamar akwati. Wanda ya ce bai ga saƙo ba, tambaye shi ko ya taɓa tura STOP zuwa 2442, abin da ke toshe saƙonnin talla a layin waya, sannan ka nemi kamfanin ya bi da saƙonninku ta hanyar da ke isa ga irin waɗannan layukan.