Yadda Ake Kwashe Ciyawar Sargasum Daga Bakin Teku Kafin Ta Ruɓe

Tun shekarar 2011 masunta a gaɓar yammacin Ghana, daga wajen Axim zuwa iyakar Kodebuwa, sukan wayi gari su tarar bakin ruwa ya lulluɓe da wata ciyawa mai ruwan ƙasa, wani lokaci har ta kai gwiwa. Saliyo ta ga wannan, Legas ma ta gani. Sunanta sargasum. Da can an san ta ne a Tekun Sargaso da ke arewacin Atlantika, amma yanzu ta samu wurin zama a tsakiyar tekun Atlantika. Masana da ke duba ta da tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa a 2018 ta haura tan miliyan 20, ta miƙe tsawon kilomita 8,850 daga Afirka ta Yamma har Tekun Meziko. Ba ta da saiwa, yawo take a saman ruwa kamar kainuwa, wasu 'yan ƙwallaye masu iska kamar ƙwayar wake su ke tallafe da ita. A can cikin teku mafakar ƙananan kifaye ce. Ɓarnarta tana farawa ne idan igiya ta jibge ta a kan yashi.

Da farko a san da zuwanta. Masuncin da ya hango ta a nesa ya sanar da shugaban masunta da zarar ya dawo, don a shirya mutane da kayan aiki. Jami'ar Kudancin Florida a Amurka tana fitar da rahoton inda ciyawar take kowane wata a intanet, ya kamata a samu matashi guda da zai riƙa dubawa. Wanda ke kan ruwa kuma kada ya jefa taru a cikinta, zai jawo ciyawa ne zalla, tarun ya yage. Ya kewaye ta, domin tana naɗe farfela, tana toshe kafar da ruwa ke bi ya sanyaya inji.

Mataki na biyu shi ne gaba da komai: a kwashe ta cikin kwana biyu da saukarta. Ɗanyarta ba ta da wari sosai, kuma ba ta da wuyar ɗauka. Da ta wuce awa 48 sai ta fara ruɓewa, ta yi baƙi, ta riƙa yauƙi, tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ake kira haidurojin salfaid. Iskar nan kan kawo ciwon kai, ƙaiƙayin ido, tari da tashin zuciya. A tsibiran Gwadalup da Matinik na yankin Karibiyan mutanen da ke zaune kusa da ruwa sun ga cokulansu na ƙarfe suna yin baƙi, firij da talabijin suna lalacewa saboda ita. Abin da ya ci ƙarfe, me kake zaton zai yi wa huhun yaro? Don haka masu asma, mata masu juna biyu da ƙananan yara su nisanci wurin. Idan an riga an makara ta ruɓe, a yi aikin iska na bugowa ta baya, a riƙa canjin mutane, duk wanda ya ji jiri ya bar wurin nan take.

Kayan aikin ba su da tsada: manjagara, shebur mai yatsu, kwando ko baro, safar hannu da takalmin roba. Safar ta zama dole, saboda akwai ƙananan halittu maƙale a jikin ciyawar da ke sa fata ƙaiƙayi. Kowane ɗauka a karkaɗe yashin ya zuba kafin a loda. Ina roƙon hukumomi su guji amfani da katafila. Tana da sauri, amma tana tafiya da yashin da ke tare igiya, gaɓa ta zaizaye, kuma tana murƙushe ƙwan kunkurun teku da ke binne. Idan ciyawar 'yar kaɗan ce a warwatse, a bar ta, rana za ta busar da ita.

Sai wurin zubarwa. A kai ta nesa da gidaje, nesa da rijiya da gona, a baza ta ba kauri don ta bushe da wuri. Tara ta tudu guda yana nufin an dai sauya wa warin mazauni ne, ruwan da ke tsatsafowa daga ƙarƙashi kuma ya bi ƙasa da gishirinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Duk mai gona ko mai kiwo da ya ga tulin ciyawa kyauta, taki da abincin dabbobi zai fara tunawa. Sargasum tana zuƙar gubar asenik daga ruwan teku ta adana a jikinta, ga gishiri mai yawa da ke kashe ƙasa. Kada a ba awaki ko tumaki, kada a zuba a lambun tumatir da alayyafo sai an kai samfurinta ɗakin gwaji an tabbatar da yawan gubar. Inda aka fi samun kwanciyar hankali shi ne amfanin da ba ya shiga ciki. A Meziko ana busar da ita, a niƙa, a cakuɗa da laka a buga bulo, har an gina gidaje da shi.