Yadda na shawo kan ciwon mara na lokacin al'ada

Shekara da shekaru, ranar farko ta al'ada a dunƙule nake wuni, gwiwa a ƙirji, zufa na karyo min, ga tashin zuciya. Ibuprofen yana taimakawa, sai dai yana ƙona min ciki.

Sai da na gane tushen abin. Mahaifa ce ke fitar da sinadarin prostaglandin mai sa ta murɗawa, kuma ya fi yawa a kwana biyun farko. Ni kuwa sai ciwo ya kayar da ni nake neman magani.

Yanzu tun jajibirin zuwan al'ada nake fara shan ƙwayar garin citta, miligiram 250 sau 4 a rana, har kwana 3, kullum bayan cin abinci. Na taɓa sha da yunwa, ƙwannafi ya hana ni sakat. Sai gorar ruwan zafi naɗe cikin tawul a kan mara, wannan kam nan take ake jin daɗinta. Na gwada shan sinadarin magnesium, gudawa kawai ya sa ni, na ajiye.

A wata na uku na iya fita aiki ranar farko. Ciwon bai tafi duka ba, amma ina tafiya a miƙe. Yayata ta so kwaikwayo, likita ya hana ta saboda tana shan maganin tsinka jini.