Idan WRF ta ƙi haɗuwa, ko ta mutu a tsakiyar aiki

WRF, manhajar kwaikwayon yanayi ta cibiyar NCAR da ke Amurka, yawancinta da Fortran aka rubuta, kuma kai da kanka za ka harhaɗa ta (compile) a Linux. Mai son gwada ruwan damina a kwarin Haɗeja ko yankin Kadawa, da laftof da wutar sola, ga inda take yawan cijewa.

Da farko ka tura duk abin da take faɗa cikin fayil: ./compile em_real >& log.compile. In ta gama, leƙa foldar main. Babu wrf.exe da real.exe? To ba ta haɗu ba. Buɗe log.compile ka nemi "Error" na farko. Na ƙasa duk 'ya'yansa ne, kada ka ɓata lokaci a kansu.

Sau da yawa laifin netCDF ne, laburaren da WRF ke karanta fayilolin bayanai da rubuta su da shi. Kashi biyu ne, na C da na Fortran, kuma dole saitin NETCDF da ka sa a tagar umarni ya nuna foldar da duka biyun suke. Haka nan kwamfailar (manhajar harhaɗawa) da ta gina laburaren ita za ta gina WRF. In ka gina ɗaya da gfortran, ɗaya da na Intel, fayilolin .mod ba za su karantu ba. Tsofaffin sigogin WRF kuma suna karo da gfortran 10, wanda ya fito a 2020, domin abin da a da gargaɗi ne ya koma kuskure. Ƙara -fallow-argument-mismatch da -fallow-invalid-boz a tutocin Fortran cikin configure.wrf, fayil ɗin saitin harhaɗawa da ./configure ke samarwa. In "Killed" ka gani, RAM ce ta ƙare, sai ka koma ./compile -j 1. Kafin sabon configure ka yi ./clean -a, amma ka kwafe configure.wrf tukuna, don yana share shi.

Wajen gudu, labarin yana cikin rsl.error.0000 da 'yan uwansa. In ta faɗi tun farawa da "segmentation fault", buga ulimit -s unlimited a tagar da za ka tayar da ita. In kuwa sai da ta yi awanni ta faɗi, yi grep -i cfl rsl.error.*. WRF tana raba yankin gida-gida kamar raga, kuma ma'anar kuskuren CFL ita ce iska tana tsallake gidan raga fiye da ɗaya a takun lokaci guda. Ƙa'idar time_step (tsawon takun, a namelist, wato fayil ɗin saitin gudu), a daƙiƙa, kada ya wuce ninki shida na dx (faɗin gidan raga) a kilomita: ragar kilomita 9, daƙiƙa 54. Hadarin Agusta mai iska mai tashi sama da ƙarfi yakan karya wannan lissafi, don haka sauko zuwa 36, ka sa w_damping = 1. Aikin zai daɗe, amma zai kai.

Namelist ɗin da aka gyara a Windows aka kawo a filash, wuce da shi ta dos2unix tukuna, don ya koma tsarin rubutun Linux.

Sai batun wuta. Batirin sola ba ya jiran kowa, musamman ranar da hadari ya rufe gari. Sa restart_interval = 360, wato duk awa shida ta ajiye fayil ɗin wrfrst. In wuta ta ɗauke, mayar da lokacin farawa zuwa na wrfrst na ƙarshe, sa restart = .true., ka ci gaba daga nan. A zafin bazara kuma ɗaga laftof ɗin daga kan tabarma ko katifa, ka hure ƙurar fankarta, in ba haka ba za ta rage gudu ko ta kashe kanta.