Babi na Shida: Man da ke Cikin Ɓawon Kashu

Darasi na ɗaya

Ku ɗauki ƙwallon kashu wanda ba a fasa ba, ku dube shi da kyau, amma kada kowa ya sa masa haƙori. Ɓawonsa cike yake da ƙananan ramuka, a cikinsu kuma akwai wani mai mai kauri da yake ƙona fata. Babban sinadarin da ke cikin man nan sunansa asid ɗin anakadik, wanda wani masani Bajamushe mai suna Städeler ya fara bincika a shekarar 1847. Ku faɗi sunan gaɓa-gaɓa: a-na-ka-dik. Wanda harshensa ya sarƙe ya sake gwadawa, babu abin kunya a ciki.

Darasi na biyu

Kowace ƙwayar wannan sinadari tana da kai da jela. Shi kan, zobe ne na ƙwayoyin kabon 6 mai ɗauke da oksijin da haidurojin, shi ake kira fenol. Jelar kuwa doguwar sarƙa ce ta kabon 15, kuma maiƙo ce. A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, saboda haka ku natsu. Tunda jelar maiƙo ce, ruwa zalla ba ya ɗauke man daga fata, sai dai ya ƙara shafa shi. Idan ya taɓa ku, ku wanke wurin da sabulu nan take. Ku rubuta a littafinku: jelar maiƙo ce, ruwa kaɗai ba ya wanke ta, sai da sabulu. Ku karanta da ƙarfi, sannan ku rufe littafin ku maimaita. Madalla da waɗanda suka riƙe. Amma duk da wannan nanatawa, sai an sami wanda zai ɗauraye hannu da ruwa, ya murje ido, ya dawo da fuska a kumbure yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Haba jama'a, sabulu aka ce, kuma nan take aka ce.

Darasi na uku

Idan aka dafa man da zafi sosai, iskar kabon dayoksaid takan fita daga cikinsa, ya koma wani sinadari mai suna kadanol, wanda ake sawa a fenti da takalmin birkin mota. Hayaƙin gasa ɓawon yana cutar da ido da maƙogwaro, ku nisance shi.

Darasi na huɗu

Mangwaro dangin kashu ne, kuma ƙaronsa da ɓawonsa suna ɗauke da makamantan waɗannan sinadarai, shi ya sa suke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi.