Kaluluwa: wadda za a jira ta sace da wadda za a kai likita

Aikin jinya nake yi a nan Tahoua, kuma duk uwar da ta kawo mini yaro da ƙullutu a wuya, tambayata ta farko ita ce: ina ciwon yake? Kaluluwa ba ita ce cutar ba. Wasu 'yan ƙwayoyi ne da Allah ya ajiye a wuya, ƙarƙashin haɓa, bayan kunne, hammata da matsematsi, suna tace ƙwayoyin cuta kamar rariya. In aiki ya yi musu yawa sai su kumbura.

Saboda haka ki fara da bincike. In a matsematsi ta fito, duba ƙafa har tsakanin yatsu: ƙaya, faso, ko gyambon da aka manta da shi. In a wuya ce, buɗe bakin yaron ki ga haƙori da maƙogwaro, ki leƙa kunne, ki tona gashi ko akwai ƙuraje. Jaririn da aka yi wa allurar BCG, wato rigakafin tarin fuka, kan yi 'yar kaluluwa a hammatar hannun da aka soka. Kada ki matsa ta, ki nuna ta ranar awo.

Sannan ki taɓa da tafin yatsu, a hankali. Wadda take da taushi, tana motsi ƙarƙashin fata, tana zafi in an taɓa, yawanci ita ce mai sauƙi. A wanke ciwon da ya jawo ta, a ɗora tsumma mai ɗumi, a sha parasetamol, cikin mako 2 zuwa 3 za ta fara sacewa.

Wadda ba ta zafi ita ke tsorata ni, kuma ita ce mutanenmu ke rainawa, wai ai ba ta hana cin tuwo. Tarin fuka na kama kaluluwar wuya ko da mutum ba ya tari: sai ta yi ta girma sannu a hankali, ƙwayoyin su manne da juna, wani lokaci ta fashe tana tsiyayar mugunya. Maganinsa kyauta ne a Nijar, wata 6 ake sha ba fashi. Sida kan kumbura su a wurare da dama lokaci guda. Kansa kuma kan zo da mai tauri wadda ba ta motsi, kuma ta mama takan fara yaɗuwa zuwa hammata.

Je CSI, wato ƙaramar likitar unguwa ko ƙauye, mafi kusa idan ta wuce mako 3 ko tana ƙaruwa, idan ta fi santimita 2, wato faɗin babban yatsa, idan ta fito a ramin da ke saman ƙashin wuya, ko akwai rama, zufar dare mai jiƙa riga da zazzaɓin da ya ƙi tafiya. In numfashi ko haɗiya ya gagara, ko wurin ya yi ja yana yaɗuwa, wannan ba ya kwana.

Abin da nake roƙo: kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a sayi kafso wurin masu talla a kasuwa. Yana ɓoye alamun ne kawai, ya ɓata mana gwaji. A likita za a iya auna jini da kaki, a yi hoton ƙirji, ko a zuƙo kaɗan daga ƙullutun da allura. In abin ya fi ƙarfin CSI za a tura ku babban asibitin jihar Tahoua, wani lokaci har Yamai. Ki riƙe ranar da kika fara ganinta da takardun duk maganin da aka sha, don su za a fara tambayarki.